Fankar Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Haɗa Ta da Juya Ta a Zafin Gusau

A cikin littafin bayanin da ke zuwa da kwamfutocin ofis na kan tebur, irin su HP Compaq da Dell OptiPlex da ake yawan gani a shagunan buga takardu na Gusau, akwai wani ɗan layi da ba kowa ke kula da shi ba. Kamfanonin sun rubuta cewa an ƙera na'urar ne don ta yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. A Gusau kuwa, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, ma'auni yakan taɓa digiri 40 da tsakar rana, a inuwa ma. Shago mai rufin kwano wanda ba a yi masa silin ba, ga injin hoton takardu yana huci a gefe, ga mutane a tsaye suna jiran aikinsu, ya fi haka turiri.

Lokacin kuma shi ne na cinkoson aiki. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2024 da 2025 an fara ta ne a cikin watan Afrilu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, da na kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, duk suna da takardun da za a buga musu. Wuta na iya ɗaukewa, ƙaramin janareta kuma ba ya jan na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya rage tsakanin kwamfutar da mutuwa a tsakiyar aiki shi ne 'yan fankoki biyu ko uku da ke cikin akwatinta, waɗanda kowaccensu ba ta fi tafin hannu ba.

Daga ina zafin yake?

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Furosesa, wato ɗan guntun da ke yin lissafin komai, shi ya fi kowa ɗumi. Na ofis da aka saba gani yana fitar da zafin da ya kai wat 65 idan aiki ya yi nauyi, daga wani ɗan fili da bai kai girman akwatin ashana ba. A kansa ake ɗora ƙarfe mai tsaga-tsaga, na alminiyam ko na tagulla, wanda ke tsotse zafin, fanka kuma ta hura iska ta cikin tsagogin ta kwashe shi.

Akwai iyakar da ya kamata kowa ya sani: fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin take ɗiba ta watsa, don haka ba za ta taɓa sauke ƙarfe ƙasa da zafin ɗakin ba. Idan wani aiki yana ɗaga furosesa da digiri 40 sama da iskar da ke kewaye, a ofis mai sanyin digiri 22 zai tsaya a 62. Aiki guda, na'ura guda, a wani shago na garin Bungudu mai digiri 40, zai kai 80. Yawancin furosesan Intel suna da iyaka a wajen digiri 100, da yawa daga na AMD kuma a 95. Da sun kai can sukan rage wa kansu gudu don su tsira, abin da mai shago ke gani a matsayin nauyin kwamfuta, har ya fara zargin bairos. In zafin ya ci gaba da hawa, sai na'urar ta kashe kanta, ta tafi da aikin da ba a adana ba.

Waya biyu, waya uku, waya huɗu

Wanda ya riƙe fanka a hannu, abin da zai fara dubawa shi ne yawan wayoyin da suka fito daga cikinta. Su ne ke faɗin irin biyayyar da za ta iya yi.

Mai waya biyu ita ce mafi sauƙi. Baƙar waya ta komawar wuta ce, ɗayar kuma, ja ko ruwan ɗorawa, ita ke kawo bolt 12. Da an ba ta wuta sai ta kama juyi da iyakar ƙarfinta. Kwamfuta ba ta san tana juyawa ba, ba ta kuma san ranar da ta tsaya ba.

Mai waya uku an ƙara mata ta rahoto. Duk zagaye ɗaya da fankar ta yi, wannan waya tana aika sigina sau biyu zuwa madabod, babban allon da komai ke haɗe a kansa. Da wannan ne allon ke ƙirga zagaye nawa take yi a minti, kuma da shi yake gane ta mutu. Rage gudunta yana yiwuwa ta hanya ɗaya kawai: a rage mata wuta, daga bolt 12 zuwa 9 ko 7. Sai dai hanyar tana da gejinta, domin fankoki da yawa ba sa iya tashi idan wutar ta sauka zuwa wajen bolt 5. Za su yi ta rawar jiki a wuri ɗaya.

Mai waya huɗu ta yaɗu ne daga 2004, shekarar da Intel ya fitar da furosesan Pentium 4 masu tsananin zafi, wasunsu har wat 115, tare da ƙa'idar sabuwar fanka. A nan bolt 12 ba ya raguwa. Waya ta huɗu, wadda galibi shuɗiya ce, tana kawo umarni na kunnawa da kashewa har sau kusan 25,000 a daƙiƙa ɗaya. Abin ya yi kama da mai keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya taka feda ya saki, ya taka ya saki: in takawar ta fi yawa keken ya yi gudu, in sakin ya fi yawa ya tafi a hankali, amma ba ya tsayawa. A saitin kwamfuta ana rubuta wannan tsari da haruffan PWM, tsohon tsarin rage wuta kuma DC. Da PWM fanka tana iya saukowa ƙasa sosai ba tare da ta maƙale ba, ta kuma hau nan take idan an buƙace ta.

Launin waya yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Jerin da suke bi a kan filogi ne ba ya canjawa a fankoki na gama-gari: komawar wuta, bolt 12, rahoto, sannan umarni.

Inda ake soka ta

A kan madabod akwai ƙananan mazaunai masu haƙora uku ko huɗu, kowanne da sunansa a rubuce kusa da shi da ƙananan haruffa. CPU_FAN na fankar furosesa ne. SYS_FAN ko CHA_FAN na fankokin jikin akwati ne. Sababbin alluna suna da CPU_OPT don fanka ta biyu a kan furosesa, da AIO_PUMP don famfon masu sanyaya da ruwa, wanda galibi yake ba da cikakkiyar wuta ba ragi.

Kowane mazauni yana da ɗan harshen roba a gefe, filogin fanka kuma yana da layuka biyu da harshen ke shiga tsakaninsu. Saboda haka ba a iya soka shi a juye sai da ƙarfin tsiya, kuma duk abin da ya nemi a danna shi da ƙarfi to ba wurinsa ba ne. Mai waya uku tana hawa mazauni mai haƙora huɗu, haƙori ɗaya ya rage a waje. Za ta yi aiki, amma da cikakken gudu, sai in an shiga saiti an mayar da mazaunin kan DC. Mai waya huɗu ma tana hawa mai haƙora uku, ta rasa umarnin waya ta huɗu kawai.

Wuri ɗaya ne ke da haɗari na gaske. Alluna na zamani suna da wasu mazaunai na fitilun ado, masu kama da na fanka ga wanda bai lura ba. Iri biyu ne: na bolt 12 mai haƙora huɗu, da na bolt 5 mai haƙora uku da giɓi a tsakani. Fitilar bolt 5 da aka soka a na 12 ta ƙone ke nan.

Kafin a taɓa komai, a zare wayar wuta daga bango, a danna makunnin kwamfutar na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta tsiyaye, sannan a dafa ƙarfen akwatin. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci da hunturu, lokacin da iska ke bushewa har mutum ya ji ɗan tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota. Tartsatsin da bai wuce ya sa mutum ya janye hannu ba yana iya lalata wani sashe na allo.

Halin 'yan tokumbo

Da yawa daga kwamfutocin da ke aiki a Gusau, Tsafe da Bungudu tsofaffin na ofisoshin Turai da Amurka ne, da suka shigo ta Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano. Suna da ƙarko, amma manyan kamfanoni sukan yi musu filogi irin nasu. Tsofaffin Dell OptiPlex da dama suna da mazauni mai gurbi biyar, wayoyi huɗu ne a ciki amma jerinsu ya saɓa da na kasuwa. Wasu na HP ma haka suke da nasu salon.

Nan ne ake yawan yin aika-aika. Fanka ta mutu, an sayo wata a kasuwa, filogi ya ƙi shiga. Sai mai gyara ya datse shi, ya haɗa ja da baƙa kai tsaye da wayoyin fawa fak, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, ya naɗe da salatif. Fanka tana juyi, kowa ya ji daɗi. Amma daga ranar, duk lokacin da aka kunna kwamfutar sai ta tsaya da gargaɗi: a HP, lamba 511 tana nufin ba a ga fankar furosesa ba, 512 kuma ta jikin akwati, Dell ma yana da nasa saƙon, tare da neman a danna F1. Ma'aikacin shago ya saba da danna F1 kowace safiya kamar wani sashe na kunna na'ura. Ranar da fankar ta mutu da gaske, saƙon nan dai zai fito, za a danna F1 a wuce, babu wanda zai san an shiga wani hali.

Gyaran da ya dace bai fi wancan tsada sosai ba. Ko a nemo fankar wata matacciyar kwamfuta irin ta, ko a sayi 'yar wayar da ke sauya filogin Dell zuwa na gama-gari, ko kuma a ajiye tsohon filogin a jona masa sabuwar fanka waya bayan waya, bayan an gwada da mita an tabbatar da wadda ke kawo bolt 12. Muddin wayar rahoto tana haɗe, kwamfutar tana da bakin faɗin abin da ke damunta.

Fanka da yawa, mazauni ɗaya

Ƙananan alluna sukan zo da mazaunai biyu kacal. Mai son ƙara fanka yakan sayi waya mai reshe, wadda ke raba mazauni ɗaya gida biyu ko uku. Kafin haka akwai ɗan lissafi. Yawancin mazaunai an ƙayyade musu amfiya 1. A bayan kowace fanka akwai takarda da ke nuna abin da take ja, galibi tsakanin amfiya 0.1 zuwa 0.3. Fanka uku masu 0.2 sun tashi 0.6, lafiya lau. Huɗu masu 0.3 sun kai 1.2, sun wuce gona da iri, kuma a lokacin tashi kowace fanka tana fizgar fiye da abin da aka rubuta mata.

Wanda ya duba waya mai reshe zai ga reshe ɗaya ne ke da cikakkun haƙora, sauran an cire musu na rahoto. Da gangan ne, don in fanka biyu suka aika rahoto ta waya ɗaya, ƙirgen zai rikice. Sakamakon shi ne allon yana ganin fanka ɗaya kawai, sauran sai mai kwamfuta ya riƙa leƙa su da idonsa.

In fankokin sun fi uku, gara a sayi ƙaramin akwatin rarrabawa, wanda ke ɗaukar wutarsa kai tsaye daga fawa fak ta filogin SATA, ya karɓi umarni kawai daga madabod. Masu aiki da sola da inbata kada su damu da nauyin: fanka mai amfiya 0.2 a kan bolt 12 wat 2.4 take sha, bai kai na ƙaramin ƙwan fitila ba. Cire fanka don a tsimin batir asara ce zalla.

Ta ina iska za ta shiga?

Fanka biyar da aka ɗaura barkatai ba su kai biyu da aka ɗaura daidai ba. Tsarin da aka saba shi ne iska ta shigo ta gaba da ƙasa, ta ratsa kan kayan ciki, ta fita ta baya da sama. Don gane fuskar fanka, a duba gefen da ke da sandunan roba masu riƙe da motar, inda takardar bayani take: ta nan iska ke fita. Wasu suna da kibiyoyi biyu a jikin gefensu, ɗaya na nuna juyi, ɗaya na nuna hanyar iska. In an rasa duka, ɗan yagen takarda da aka kara kusa zai raba gardama.

Ga ƙasa mai ƙura, akwai dabarar da ta fi dacewa: iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ake fitarwa yawa, a kuma sa raga mai tace ƙura a gaban masu shigo da ita. Ta haka rarar iska ke tura kanta waje ta kowace kafa. In aka yi akasin haka, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowane rami da tsaga, ƙura na biye da ita ba tare da ta bi ta raga ba.

Girma ma yana da tasiri. Ana auna fanka da milimita: 80, 92, 120, 140. Babba tana tura iska mai yawa da juyi kaɗan, saboda haka ƙararta ba ta kai ta ƙarama ba.

Su kuma masu cire murfin gefe su kafa wa kwamfuta fankar ɗaki, dabara ce ta fita kunya a ranar da aiki ya matse. A ƙananan kwamfutocin ofis kuwa, waɗanda aka yi wa hanyar iska da roba daga gaba zuwa baya, buɗe murfi yana ɓata tsarin, ƙura da ƙwari kuma sun sami ƙofa.

Juya gudunta

Ana shiga saitin BIOS ne da danna wani maɓalli daidai lokacin kunnawa: Del ko F2 a yawancin alluna, F10 a HP, F2 a Dell. ASUS yana kiran sashen fanka Q-Fan, Gigabyte kuma Smart Fan. A ciki akwai zane mai layi: ta ƙasa zafi, ta gefe gudun fanka cikin ɗari. Mai kwamfuta yana jan ɗigogi ya faɗa wa fanka abin da za ta yi a kowane mataki.

Saitin shiru da ke zuwa daga kamfani an tsara shi ne don ɗakuna masu sanyi, inda abin da ke damun mutane shi ne ƙara. A bazarar Zamfara ya fi kyau a sa fanka ta fara aiki da wuri: misali kashi 40 a digiri 40, kashi 70 a digiri 60, cikakken gudu daga 75. Duk zaɓin da ke barin fanka ta tsaya cak idan aiki ya yi sauƙi, a kashe shi. In fankar tana yawan hawa da sauka tana damun kunne, akwai wurin sa mata jinkirin 'yan daƙiƙoƙi kafin ta canja gudu.

Kwamfutocin ofis ba su cika ba da wannan 'yanci ba, amma suna da ɗan abin taɓawa. A HP da yawa akwai Fan Idle Mode, inda ake ɗaga mafi ƙarancin gudun fanka. A Dell OptiPlex akwai Fan Control Override, wanda ke sakin fanka da iyakar gudunta. Ƙara za ta ƙaru, amma a shagon da janareta ke ruri a bakin ƙofa, ba ita ce za ta hana kowa sakat ba.

Daga cikin Windows, manhajoji irin su HWMonitor suna nuna zafi da gudun fanka kyauta, Core Temp kuma zafin furosesa. SpeedFan, wadda ta daɗe tana tashe, an daina sabunta ta shekaru da dama, kuma ba ta gane sababbin alluna da yawa. Fan Control ce ta maye gurbinta a hannun mutane da dama. Saitin BIOS dai ya fi tabbas, domin yana aiki tun kafin Windows ya tashi, kuma ba ya gogewa idan an sake zuba wa kwamfuta manhaja.

Ƙura da boris

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana sauko da ƙura mai laushi daga Sahara, wani kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Shagon da ke bakin titin Gusau zuwa Funtuwa a Tsafe, ko na hanyar Sakkwato a Bungudu, yana samun ƙarin ta manyan motoci. Ƙurar tana taruwa a tsagogin ƙarfen furosesa har ta zama kamar auduga, fanka tana juyi amma iska ba ta ratsawa. Don haka lokacin shara mafi amfani shi ne ƙarshen hunturu, kafin zafin Maris ya kankama, sai kuma a maimaita bayan damina. Ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur ma yana rage abin da yake shaƙa.

Ana fitar da kwamfutar waje a hura ta da bulowa, amma a riƙe fikafikan fanka da yatsa ko tsinke. Fankar da bulowa ta juya fiye da ƙima tana cin boris ɗinta, motar kuma tana iya haifar da wuta ta tura wa allo. In an cire ƙarfen furosesa, dole a goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesan a sa sabo, ɗigo ɗaya a tsakiya. Akwatin fawa fak kuwa ba na buɗewa ba ne ga wanda bai koyi aikin ba, don yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.

Fanka tana ba da sanarwa kafin ta mutu: gurnani da safe wanda ke lafawa bayan 'yan mintuna, ko ƙin tashi sai an taɓa ta. Masu araha suna juyi ne a kan hannun ƙarfe mai ɗan mai a ciki, wanda zafi ke busarwa. Ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar baya yana ƙara mata kwana, amma na ɗan lokaci ne. Masu boris na ƙwallo sun fi jure zafi, kuma a jikin da yawa an rubuta hakan.

Mai shago a Tsafe ko Bungudu da zai shiga mota zuwa Gusau neman sabuwa, ya tafi da tsohuwar a aljihu, da filoginta ba a datse ba. A gaban mai kaya sai ya gwada abu huɗu: faɗinta da kaurinta, yawan wayoyi da siffar filogi, bolt 12 a kan takarda, da amfiya wadda ba ta yi nisa da ta tsohuwar ba. Ya kuma sa a jona ta a wuta a gabansa, ya kara ta a kunne, kafin ya biya kuɗi.